Girgiɗar Haƙori Kafin Famfara: Yadda Ake Gano Cutar Ƙwayoyin Langerhans a Ƙashin Muƙamuƙi

Tsakure

Cutar ƙwayoyin Langerhans, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da LCH, tana cikin cututtukan da ba a cika gani ba, kuma takan iya bayyana a baki kafin ta bayyana a ko'ina. Wannan maƙala ta yi bayanin yadda ake kaiwa ga gano ta idan ta kama ƙashin muƙamuƙi, tare da la'akari da majinyacin da zai taso daga gari irin Kajiji a Jihar Sakkwato. Maƙalar ta nuna cewa duban ido da hoton ƙashi zargi kawai suke haifarwa, awon tsoka ne ke yanke hukunci, kuma a wurin cire haƙori aka fi zubar da shaidar da ake buƙata.

1.0 Gabatarwa

Famfara tana da lokacinta, tana kuma da tsarinta. Yaro kan fara zubar da haƙoran nono yana ɗan shekara 6 ko kusa da haka. Na gaba na ƙasa ne ke fara tafiya, turame kuwa sukan jira har shekara 9 zuwa 12. Iyaye mata sun san wannan tsari ba da littafi ba. Saboda haka idan turmin yaro ɗan shekara 3 ya kama girgiɗa, alhali bai faɗi ba, haƙorin kuma ba shi da kogo, to akwai abin da ke cin ƙashin da ke riƙe da shi. Haka abin yake ga baligin da bakinsa ke da tsabta amma turamensa na gefe ɗaya suka yi sako-sako cikin 'yan watanni.

Abubuwan da ke jawo wannan suna da yawa, kuma cutar da ake magana a kanta tana can ƙarshen jerin ta fuskar yawa. Ƙididdigar ƙasashen Turai da Amurka ta nuna cewa takan kama yara kimanin 4 zuwa 5 cikin miliyan ɗaya a shekara, manya kuwa 1 zuwa 2 cikin miliyan. Ma'aikacin lafiya na karkara zai iya gama aikinsa bai gan ta fiye da sau ɗaya ba. Duk da haka ta cancanci a san ta, domin tana jin magani, kuma hanyar da ake bi a gano ta ita ce dai hanyar da ke tona asirin cututtukan muƙamuƙi da suka fi ta yawa da haɗari.

2.0 Ƙwayar da Cutar, da Yadda Sunan ya Samu

A shekarar 1868 wani ɗalibin likitanci a Berlin ta ƙasar Jamus, Paul Langerhans, ya hango wasu ƙwayoyin halitta masu rassa a cikin fata. Ya ɗauka na jijiyar ji ne. Sai bayan kusan ƙarni guda aka fahimci cewa 'yan sintirin garkuwar jiki ne: suna zaune a fata da cikin baki, su cafke baƙon abu su kai shi gaban sauran dakarun jiki. Suna cikin dangin ƙwayoyin da ake kira histiyosayit, waɗanda asalinsu ɓargo ne.

Cutar kanta ta daɗe tana yawo da sunaye uku, kamar cututtuka ne daban-daban. A 1893 Alfred Hand ya bayyana wani yaro ɗan shekara 3 a Amurka mai yawan fitsari, da idanu sun firfito, da ramuka a ƙoƙon kai, ya kuma zaci tarin fuka ne. Da rahotannin Schüller da Christian suka biyo baya sai aka haɗa sunayensu uku aka raɗa wa wannan nau'i. Letterer a 1924 da Siwe a 1933 suka bayyana nau'in da ke kama jarirai ya bazu zuwa hanta da saifa. A 1940 aka bayyana nau'i na uku, wanda ke tsayawa a ƙashi ɗaya. Louis Lichtenstein ne ya tattara su wuri guda a 1953, ya liƙa musu harafin X domin nuna cewa ba a san tushensu ba. A 1973 Christian Nezelof da abokan aikinsa a Faransa suka nuna cewa ƙwayoyin da ke taruwa a wurin ciwon suna da siffar ƙwayoyin Langerhans, daga nan sunan yanzu ya samo asali.

An yi shekaru ana jayayya kan ko kumburi ne na garkuwar jiki ko kuwa tsiro ne. A 2010 aka gano wani sauyi a ƙwayar gado mai suna BRAF V600E a cikin fiye da rabin samfuran da aka auna. Wannan sauyi yakan bar makunnin girma na ƙwayar a kunne, ta ƙi mutuwa a lokacinta, ta taru a wuri ɗaya. A yau ana lissafa cutar cikin tsiron ƙwayoyin da suka fito daga ɓargo, mai jawo kumburi a kewayensa. Cin ƙashin kuwa ba ita ke yi da kanta ba. Sinadaran da take fitarwa ne ke zuga ƙwayoyin da aikinsu na yau da kullum shi ne rushe tsohon ƙashi, sai su wuce gona da iri.

3.0 Abin da Ake Gani a Baki

Kimanin kashi 80 cikin 100 na masu cutar tana taɓa musu ƙashi. Ƙoƙon kai ta fi so, sai ƙashin cinya, haƙarƙari, ƙashin baya da ƙugu. Muƙamuƙi kan shiga ciki a kashi 10 zuwa 20 cikin 100, na ƙasa ya fi na sama, ɓangaren turame kuma ya fi na gaba.

Alamominta a baki ba su da wani abin mamaki, kuma nan matsalar take. Akwai ciwo mai tsukuwa a gefen fuska, da kumburin da ba ya da zafi sosai. Dasashi kan yi ja, ya riƙa zubar da jini, ya janye har saiwar haƙori ta bayyana. Wani lokaci miki ne ke fitowa ya ƙi warkewa, baki ya yi wari. Sai girgiɗar haƙora. A jarirai takan sa haƙori ya tsiro kafin lokacinsa, domin ƙashin da ya lulluɓe shi ya narke. Alamar da ta fi kowace muhimmanci, wadda kuma aka fi yi wa sakaci, ita ce gurbin haƙorin da aka cire ya ƙi cikewa bayan makonni, ya riƙa tsiro da wata tsoka mai laushi.

Likitan da ya tsaya a baki kaɗai zai rasa rabin labarin. Akwai tambayoyin da ba su da alaƙa da haƙori a zahiri amma su ne ke nuna hanya. "Inna, yaron nan yana tashi neman ruwa da dare? Sau nawa yake fitsari?" Ƙishirwar da ba ta yankewa tare da fitsari mai yawa fari fat, wanda awo bai nuna sukari a cikinsa ba, alama ce ta cewa cutar ta taɓa wata 'yar halitta a gindin ƙwaƙwalwa mai sarrafa ruwan jiki. A ƙasar da zafin bazara ke sa kowa shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, wannan alama takan ɓace cikin sauƙi in ba a yi tambayar da gangan ba. Sai kunnen da ke zubar da mugunya ya ƙi jin magani, da ƙuraje masu ɓawo a fatar kai waɗanda ake ɗauka amosani ne ko makero, da wani kumburi mai laushi a ka, da kaluluwa a wuya. A babba kuwa a tambayi shan taba, domin nau'in da ke kama huhu kusan duk a mashaya taba ake samunsa.

4.0 Daga Kajiji Zuwa Ɗakin Awo

Kajiji gari ne a ƙaramar hukumar Shagari, kan babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta nufi Tambuwal da Jega. Mai zuwa birni daga can zai ratsa Shagari da Boɗinga. Tafiyar ba ta kai ta yini ba, amma tsakanin ranar da haƙori ya fara girgiɗa da ranar da tsoka ta isa gaban madubin likita akan iya share watanni, saboda matakan da ciwon haƙori ke bi a al'ada. Ana farawa da kanumfari da ruwan gishiri a gida. Daga nan sai kemis, a sayo maganin kashe zafi da na kashe ƙwayoyin cuta. Idan haƙorin ya ci gaba da girgiɗa sai a nemi mai cirewa, wanzami ne ko ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi. Babu wauta a cikin ko ɗaya daga waɗannan matakai, domin mafi yawan ciwon haƙori a nan yake ƙarewa. Illar ita ce haƙorin da wannan cuta ta sassauta yakan fita ba wahala, tare da 'yar tsoka maƙale a saiwarsa, a jefar da su duka, kowa ya ɗauka an gama. Waccan 'yar tsokar ita ce shaidar.

Akwai wani tarnaƙi na biyu. Magungunan rage kumburi na dangin sitiroyid, irin su dezametazon da firedinisolon, ana samunsu a kemis cikin sauƙi, kuma suna daga cikin abin da ake yi wa cutar magani da shi. Idan aka sha su barkatai kumburi zai sauka na ɗan lokaci, iyaye su saki jiki, sannan ƙwayoyin da mai awo ke nema su ragu a cikin tsokar.

A Sakkwato, wurin da irin wannan majinyaci ya kamata ya dosa shi ne Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, inda ake da sashen tiyatar baki da muƙamuƙi da kuma sashen awon tsoka. A birnin kuma akwai Asibitin Yara na Noma, wanda aka kafa a 1999, ƙungiyar likitoci ta MSF kuma ke tallafa masa tun 2014. 

5.0 Hoton Ƙashi da Masu Kama da Juna

Hoton da ya fi amfani a farko shi ne wanda ke nuna muƙamuƙi duka a faifai ɗaya, daga kunne zuwa kunne. A cikinsa cutar kan fito kamar rami mai duhu, sau da yawa mai tsabtataccen baki kamar an ƙwaƙule da cokali, ba tare da farin layin da ke zagaye ƙululun ruwa ba. Idan ta cinye ƙashin da ke tsakanin saiwoyi, sai haƙoran su bayyana a hoto kamar suna rataye a iska, babu abin da ke riƙe da su. Hoton siti-sikan yakan ƙara nuna iyakar ɓarnar, da ko bangon ƙashin ya huje.

Sai dai kama da wane ba wane ba ne. A ƙasar Hausa, yaron da muƙamuƙinsa ya kumbura haƙoransa suka saki, abin da likita zai fara kawowa a ransa shi ne sankarar Burkitt, kuma daidai ne ya yi hakan. Denis Burkitt ya bayyana ta a 1958 daga yaran da ya gani a Kampala ta Yuganda, tana kuma da alaƙa da zazzaɓin cizon sauro da ƙwayar cutar Epstein-Barr. Ita ma tana sassauta haƙora, ita ma tana narkar da ƙashin kewayen saiwa. Abin da ya bambanta ta shi ne gudu: takan iya ninka girmanta cikin kwana ɗaya ko biyu, ta sauya fuskar yaro cikin makonni, sau da yawa ta kama kusurwoyin baki fiye da ɗaya. Cutar Langerhans ba ta da wannan gaggawar.

Noma, wadda sunanta daga Girkanci yake ba shi da haɗi da noman gona, takan fara ne da miki a dasashin yaro mai tamowa, musamman bayan ƙyanda, ta ci kumatu ta huda cikin kwanaki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a Disambar 2023. A farkonta, dasashi mai jini da warin baki na iya rikitar da mai dubawa, amma saurinta da baƙin ruɓewar nama ba su barin shakka.

A manya kuwa babban abokin kama shi ne amilobilastoma, tsiron da ke fitowa daga ragowar ƙwayoyin da suka gina haƙori, wanda yake cikin mafi yawan tsiron muƙamuƙi a asibitocin Nijeriya. Shi ma turamen ƙasa yake so, amma yakan ɗauki shekaru yana faɗaɗa ƙashi, hotonsa kan fito ɗaki-ɗaki kamar kumfar sabulu, yana kuma cinye bakin saiwoyin haƙora. Akwai ruɓewar ƙashi ta ƙwayoyin cuta, musamman ga mai sikila, akwai tarin fuka na ƙashi, akwai sankarar jini, akwai kuma ciwon dasashi mai tsanani. Ƙwararren likita zai iya jera su bisa wanda ya fi rinjaye a zatonsa. Ba zai iya fara magani a kan zato ba, domin maganin ɗaya na iya zama ɓata lokaci ko cutarwa ga mai ɗayar.

6.0 Awon Tsoka

Nan ne ake yanke hukunci, kuma nan ne ƙananan kurakurai ke da tsada. Na farko shi ne wurin da aka gutsuro. Idan aka tsaya a saman dasashi, abin da mai awo zai gani shi ne kumburi na gama-gari, ya rubuta hakan, a sallami majinyaci da maganin kurkure baki. Dole a shiga cikin ramin ƙashin a kankaro tsokar da ke ciki. Ana zuba ta nan take cikin ruwan fomalin mai ƙarfin kashi 10 cikin 100, wanda yawansa ya ninka tsokar kamar sau 10. Ruwan gishiri ko auduga busasshiya lalata ta suke yi kafin ta isa. Idan akwai guntun ƙashi a ciki, sai an jiƙa shi a sinadari ya yi laushi kafin a iya yanka shi, kuma asid mai ƙarfi yakan ɓata alamomin da za a nema daga baya. Don haka an fi so a ware tsoka mai laushi a kwalbarta daban.

A ƙarƙashin madubi, ƙwayoyin cutar manya ne, masu jiki ruwan hoda, a tare jingim. Cibiyar kowace tana da tsaga a tsakiya, tamkar ƙwallon dabino. A kewayensu akan ga fararen ƙwayoyin jini da ake kira iyosinofil, masu ɗaukar jan rini, wani lokaci da yawan gaske. Tsohon ciwo kuwa yakan zama tabo, ƙwayoyin su yi ƙaranci, sai an yi naci kafin a same su. Wannan ne dalilin da ya sa sakamako ɗaya mai cewa "kumburi ne kawai" ba ya rufe magana muddin gurbin bai warke ba. A sake ɗiba.

Siffa kaɗai ba ta isa ba. Ana tabbatarwa ne da rini na musamman wanda ke kama wasu alamomi a jikin ƙwayar. Biyu ne ginshiƙai: CD1a da CD207, wanda ake kuma kira langarin. Akwai S100, amma shi ƙwayoyi da yawa suna ɗaukarsa, don haka taimako yake yi ba shaida ba. Kafin zuwan waɗannan rinuka, sai an nemi wasu 'yan halittu a cikin ƙwayar da madubin lantarki, masu siffar ludayi mai dogon mariƙi, waɗanda Michael Birbeck ya bayyana a 1961. Rinin langarin ya sauƙe wannan nauyi, domin langarin ne ke gina su.

Akwai wani tarko da ya keɓanta da baki. Ƙwayoyin Langerhans na ƙwarai suna zaune a dasashin kowa, suna kuma ƙaruwa idan dasashi ya kumbura. Ganin 'yan tsiraru warwatse sun ɗauki rinin CD1a ba ya nufin cuta. Abin da ake nema shi ne tarinsu, shimfiɗe cikin tsokar da aka ciro daga ƙashi.

Rinin ne kuma ke raba ta da 'yan uwanta na dangin histiyosayit. Cutar Rosai-Dorfman, wadda aka yi wa suna a 1969, an fi ganinta a baƙar fata, takan kawo manyan kaluluwa a wuya marasa zafi, takan kuma taɓa ƙashi jefi-jefi. Ƙwayoyinta suna ɗaukar S100 amma ba su ɗaukar CD1a, kuma akan ga wasu ƙwayoyin jini zaune lafiya lau a cikin jikinsu. Cutar Erdheim-Chester ta manya ce, ita taurara ƙashi take yi, musamman dogayen ƙasusuwan ƙafa. Waɗannan rinuka suna da tsada, kuma ba kowane ɗakin awo ke ajiye su kullum ba. Sauƙin abin shi ne tsokar da aka daskarar a kakin awo takan yi shekaru ba ta lalace ba, ana iya aika ta Kano ko Zariya ko Ibadan ba tare da majinyaci ya motsa daga gida ba. Ya dace a gaya wa iyaye wannan, domin da yawa sukan ɗauka cewa ƙarin awo yana nufin ƙarin yanka.

7.0 Bayan An Samu Suna

Tabbatar da cutar a muƙamuƙi rabin aiki ne. Tambaya ta gaba ita ce: nan kaɗai take? Ana ɗaukar hoton ƙasusuwan jiki duka da na ƙirji, a duba ciki da na'urar sikan, a auna jini da aikin hanta, a auna kaurin fitsari. Idan akwai ƙishirwa sai a nemi hoton ƙwaƙwalwa. Gaɓoɓi uku ne ke sauya lissafi, wato hanta, saifa da ɓargo. Taɓa su, musamman a yaro ɗan ƙasa da shekara 2, shi ne nau'in da ke kisa.

Idan rami ɗaya ne a ƙashi ɗaya, sakamakon yana da kyau ƙwarai. Kankarewa kaɗai takan isa, wani lokaci da allurar sitiroyid a cikin ramin, wani ma yakan cike da kansa bayan ɗibar awo. Wannan yana da muhimmanci ga likitan tiyata, domin wanda ya ɗauka amilobilastoma ce zai iya yanke ɓangaren muƙamuƙin yaro, ya tafi da 'ya'yan haƙoran dindindin da ke kwance a ciki, a kan cutar da ba ta buƙaci haka ba. Idan ta kama wurare da yawa, maganin da aka saba shi ne binbilastin da firedinisolon, kuma gwaji na uku na ƙasa da ƙasa da ƙungiyar masana histiyosayit ta gudanar ya nuna cewa watanni 12 sun fi watanni 6 hana ta dawowa.

Sai batun abin da za a ce wa iyaye da Hausa. Kalmar "daji" ta daɗe tana ɗaukar duk wani miki mai ci da ya gagari magani, har da noma, kafin a ɗora mata ma'anar sankara. Ga mutane da yawa tana tafe da imanin cewa ƙarfe ko allura na harzuƙa ciwon. Likitan da ya furta ta ba bayani zai iya rasa majinyacinsa a ranar, a koma gida neman na gargajiya. Wanda kuma ya ce "ba komai ba ne" ya buɗe ƙofar ƙin dawowa. Abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne a ce wasu ƙwayoyin garkuwar jiki ne suka taru suna cin ƙashi, ba a ɗaukarta daga wani, ba laifin abinci ko tsabta ba ne, tana jin magani, amma takan iya sake ɓullowa a wani wuri.

Saboda wannan dawowar ne ake bibiyar majinyaci shekaru bayan ramin ya cike. Ciwon ƙishirwa da yawan fitsari na iya bayyana bayan an manta da zancen haƙori, kuma idan ya zo yawanci ba ya tafiya, sai dai a riƙe shi da maganin desmofiresin. Takardar sallama ya kamata ta ɗauki sunan cutar a rubuce, da lambar tsokar da aka ajiye a ɗakin awo, da alamomi uku da za su sa a kamo hanyar Sakkwato ba jira: sabon kumburi a ƙashi, kunne mai zuba, da yaron da ya fara tashi shan ruwa tsakar dare.